Mudun da Malami Ke Awo da Shi

Akwai wata magana wadda ta kusa zama gaisuwa a bakin Kiristan ƙasarmu, watau "duniya ta lalace." Tsoho ya faɗe ta a gindin bishiya, mai wa'azi ya faɗe ta ran Lahadi, har mu samari da ba mu san wata duniya ba sai wannan, mun koyi faɗinta muna kaɗa kai. In ka ce wa mai maganar ya nuna maka inda lalacewar ta ke, galibi sai ya nuna tufafin 'yan mata, ko giya, ko cacar ƙwallo da samari ke yi a waya, ko kuwa manyan ƙasa da dukiyar da su ke wawura. Duk waɗannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma na lura kullum yatsa waje ya ke nunawa. Ban taɓa jin wanda ya tashi a ɗakin sujada na kwalejin nan ya yi zancen rajistar maki ba, alhali kuwa nan da shekara ɗaya ko biyu ita za a danƙa wa kowannenmu, tare da jan biro, a ce ya auna 'ya'yan mutane. A ganina nan ne za a gwada bangaskiyarmu mu malamai. Shi ya sa na roƙi Edita ɗan fili a wannan fitowa.

Da fari bari mu rage wa zamanin da kwarjini kaɗan, don tsofaffinmu kan yi magana kamar magudin jarrabawa da wayar hannu ya zo. Masu binciken tarihin ilimi kan ambaci 1914, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, a kan cewa a cikinta aka fara rubuta labarin fitar takardar jarrabawa kafin ranarta a ƙasar nan. An kafa hukumar WAEC a 1952, a 1977 kuwa takardun jarrabawar gama sakandare suka tsiyaye ƙwarai, har abin ya sami suna, Ekspo, gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Yaran da suka zauna jarrabawar waccan shekara yanzu sun haura sittin, su ne iyayenmu da dattawan majami'unmu. A 1984 gwamnatin soja ta yi doka mai ɗaurin shekara 21 ga wanda aka kama. A 1999 aka yi wata dokar, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 4 ba zaɓin tara ga malami ko shugaban makaranta ko mai sa ido da ya sa hannu cikin magudi. A 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba, dabara ma haka.

Duk da haka akwai abin da ya sauya, kuma shi ne ya dame ni. A labaran da iyayenmu ke bayarwa, yaro ne ke ɓoye 'yar takarda cikin safa yana tsoron idon malami. Yau a wurare da yawa malami da uba ne ke zama su shirya wa yaro, shi kuwa yaron ya kawo kuɗin da aka yanka masa, ya zauna ya kwafa. Har akwai makarantun da suka yi suna da wannan sana'a, ana kiransu cibiyoyin mu'ujiza, don wai duk wanda ya shiga sai ya fito da sakamako mai kyau. Ku dubi kalmar da aka ara, jama'a. Daga bakinmu masu bi aka ɗauke ta.

Ni jikan 'yan Mishan ne, a makarantar Mishan kuma na yi karatu tun daga firamare. Mutanen Karl Kumm sun iso Wase a 1904, an buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, an buɗe wurin horo a Gindiri a 1934, daga nan masu bishara suka bazu ƙauyuka da allo da alli. A wurin ɗayansu kakana ya koyi karatu, yana da aure da 'ya'ya biyu. Turawan nan suna da nasu aibi, kakana bai ɓoye mana ba. Amma labarin da ya fi maimaitawa shi ne na gwangwanin baiko. In an tashi sujada, mai bisharan nan ba ya barin kowa ya fita sai an zazzage gwangwanin a kan tabarma, mutum biyu sun ƙirga a gaban jama'a, an rubuta a allo, sule kaza, kwabo kaza, har anini. Ran da wata tsohuwa ta ce masa ai sun yarda da shi, ya daina wahalar da kansa, sai ya ce mata shi ne bai yarda da kansa ba. Da wannan labari aka yaye mu a gidanmu, ban kuwa san nauyinsa ba sai zangon da ya wuce.

An tura ni koyarwar gwaji wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye, ba zan ambaci sunanta ba. Aka ba ni Turanci a aji biyu, yara 68 a ɗaki guda, waɗansu a benci, waɗansu a kan bulo. Kamar yadda ku ke sane, tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, ba jarrabawar ƙarshen zango kaɗai ke auna yaro ba, akwai gwaje-gwajen da malami zai riƙa yi cikin zango, ya zuba makinsu a rajista, a haɗa. Manufar mai kyau ce, don kada rana ɗaya ta yanke wa yaro hukunci. Saura mako biyu a rufe makaranta, sai malamin da ke kula da jarrabawa ya kawo mini rajistar kimiyya ta ajina, gurabu uku fayau ba ko ɗigo. Ya ce, "Malam, hannunka na da kyau, ka cika mana wannan kafin Jumma'a. Kada ka ba kowa ƙasa da rabi." Na ce ina takardun gwajin da zan duba? Ya yi dariya, ya ce ai ajin nan ba su ga malamin kimiyya ba tun bara.

Na ɗauki rajistar na tafi ofishin shugaban makaranta. Dattijo ne mai furfura, dattijon ekklesiya kuma, mutum mai kirki wanda ya ba ni ɗaki a gidansa kyauta ran da na iso. Na gaishe shi, na ce, "Baba, an ba ni wani aiki wanda ba zan iya ba." Ya saurare ni har na gama, bai yi fushi ba. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, zauna. Na rubuta takarda sau huɗu ina neman malamin kimiyya, ba a turo ba. In masu duba makarantu suka zo suka ga gurbi ba komai, ni za a tuhuma, ba wanda ya ƙi turo malamin ba. In kuwa aka haɗa maki yaran nan suka faɗi, ka san abin da zai biyo baya? Maza za a mai da su gona ko ramin kuza, 'yan matan kuwa kafin damina an ɗaura wa rabinsu aure. Mene ne laifinsu? Kai za ka koma kwaleji da gaskiyarka, ni za a bari da iyayensu."

Ina so masu karatu su tsaya a kan maganar dattijon nan, kada su yi saurin yanke masa hukunci, don irinta za mu ji in mun fita, ba irin ta ɓarawo ba. Mu kan zaci jaraba za ta zo mana da ƙahoni da wutsiya, wani mugu ya miƙo ambulan cike da kuɗi, mu ce a'a, a tafa mana. Ba wanda ya miƙo mini ko kwabo. Abin da aka sa a gabana tausayi ne, da biyayya ga na gaba, da ladabi ga wanda na ke kwana a gidansa, dukansu kuwa abubuwa ne da aka koya mini tun ina ajin Lahadi. Ga kuma takardar da shi zai sa wa hannu a aika wa kwaleji game da halina, ga mahaifina da ya sayar da buhunan masara ya biya mini kuɗin makaranta. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya taimake ni labarin Daniyel ne, a sura ta fari ta littafinsa. Mu kan tuna ramin zakoki, mu manta da yadda ya fara. Sa'ad da ya ƙudura ba zai ci abincin sarki ba, bai yi wa shugaban fadawa wa'azi ba, bai kuma raina tsoron da mutumin ke ji don kansa ba. Ya nemi izini cikin ladabi, ya kawo wata hanya, watau a gwada su kwana goma a gani. Da safe na koma na ce, "Baba, ba zan iya rubuta makin gwajin da ba a yi ba. Amma in ka yarda, ni da abokina da muka zo tare za mu koya musu babi biyu na kimiyya da yamma har mako biyun nan, mu yi musu gwaji na gaske, in cika gurbi ɗaya da abin da suka samu. Sauran biyun a rubuta babu malami, ni zan sa hannu." Ya yi shiru, can ya ce in yi yadda na ga dama.

Ba zan yi muku ƙarya in ce labarin ya ƙare da daɗi ba. Mun koyar, mun yi gwajin, na cika gurbina ɗaya. Ran da za mu tafi na ga rajistar a kan tebur, wani ya goge abin da na rubuta a sauran gurabun biyu, ya cika su da maki masu kyau. A ɗakin malamai sunana ya koma Fasto, in na shigo hira ta kan tsaya. A takardar da aka aiko kwaleji an yaba koyarwata, aka ƙara da cewa ina bukatar koyon aiki da jama'a. Dattijon ya raka ni har bakin hanya, ya ba ni ƙullin gyaɗa, amma bai ce in sake dawowa ba.

To, in haka ne mene ne amfanin? Abokaina a ɗakin kwana sun yi mini wannan tambaya, tambaya ce kuwa mai kyau. Amsata tana cikin ajin Turancin nan nawa. A makon farko na sa kowane yaro ya karanta mini jimla biyu daga littafin aji. Goma sha huɗu ba su iya ba sam, wata yarinya ma ta riƙe littafin tana kallon fuskata tana maimaita abin da na bakin taga ya raɗa mata. Na duba rajistar bara, yarinyar nan tana da maki sittin da wani abu a Turanci. Shekara bakwai tana zuwa makaranta, kowace shekara ana rubuta wa mahaifinta cewa lafiya lau, shi kuwa bai iya karatu ba balle ya bincika. Da malami ɗaya a aji uku na firamare ya rubuta gaskiya, da watakila an zaunar da ita an koya mata baƙi da wasali tun ƙwaƙwalwa na ɗanya. Tausayin da aka yi ta yi mata shi ya kawo ta nan.

Annabi Amos, a sura ta 8, ya yi kuka da 'yan kasuwar da ke rage ma'auni suna cutar matalauta, Littafin Karin Magana kuma a farkon sura ta 11 ya nuna yadda Ubangiji ke ƙyamar ma'aunin algus. Kowa a cikinmu ya san macen da ke bubbuga gindin mudu ya lotsa don ya ci kaɗan, mun kuma san sunan da a ke kiranta da shi a kasuwa. Maki shi ne mudun malami. Bambancin kawai shi ne namu algus ɗin ya fi wayo, don muna cika wa mutum buhu har ya yi tozo, ya ɗauka yana godiya, sai ya isa gida ya tarar ƙaiƙayi ne. Ba a nan abin ke tsayawa ba kuma. Mai wannan takarda gobe shi ne ma'aikacin asibiti da zai karanta sunan magani ga mahaifiyarka, shi ne mai awon ginin da za ka kwana a ciki. Wani kuwa zai shigo kwaleji irin tamu ya fita da NCE, a ba shi aji, ya auna waɗansu da mudun da aka auna shi.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa malami kaya duka a yi shiru game da cikinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tsalle. A 2024 aka mai da albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000 daga 30,000 na 2019, amma malaman makarantun kuɗi da yawa ba su san da zancen ba, na ƙananan hukumomi kuwa sun saba da jiran albashi wata da watanni. Masu wa'azi suna son ambaton Yohanna Mai Baftisma a Luka sura ta 3, inda ya gargaɗi masu karɓar haraji kada su ƙara a kan abin da aka yanka, sojoji kuma su daina ƙwace, albashinsu ya ishe su. Gaskiya ne, ya shafe mu. Amma ina jiran ranar da za a haɗa shi da Wasiƙar Yakubu sura ta 5, wadda ta tsawata wa masu riƙe hakkin ma'aikatan da suka yi musu girbi. Waɗansu daga cikin masu makarantun da ke biyan malami abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, a kujerar gaba su ke zama ran Lahadi, waɗansu makarantun ma na ekklesiya ne.

Tun da na taɓo majami'a bari in ƙarasa. Yarinya ta yi ciki ba aure, kafin wata ya zagayo an kira ta gaban dattawa, an sa ta a horo, ta koma bencin baya. Ban ce a daina horo ba. Amma yaushe aka taɓa sa wani a horo don ya saya wa ɗansa sakamako? Maimakon haka sai ya zo da iyalinsa ran godiya, ana kiɗa ana rawa, a karanta yawan darussan da yaron ya ci, a ce Allah ya yi abin al'ajabi, kowa kuwa ya san ƙauyen da aka kai shi ya rubuta. Ran neman gudummawar gini a kan kira mai babbar riga ya buɗe taro, ba mai tambayar yadda albashinsa ya haifi abin da ya ajiye. Yara suna zaune suna kallon duk wannan. Ba wawaye ba ne, sun gane wane zunubi ke da kunya, wane ne kuma ke da tafi.

Mutumin da ya fi ƙarfafa ni a makarantar nan ba Kirista ba ne. Malamin lissafi ne, Musulmi, ya kusa ritaya, yana zuwa a kan wani tsohon babur mai hayaƙi. Ashe shi ba a kai masa irin wannan rajista tun da daɗewa, an san amsarsa. Ran da ya ji ana ce mini Fasto sai ya kira ni gindin mangwaro, ya ce shi ma Liman a ke ce masa a bayan idonsa, in bar su. Sa'an nan ya ba ni shawara irin wadda ban taɓa ji a aji ba. Ya ce, "Malam, ka ƙi tun ranar farko, tun abin yana ƙarami, don wanda ya karɓi goro sau ɗaya ba shi da bakin ƙin na biyu. Ka nemi gona ko 'yar sana'a, don mai yunwa ba ya jayayya da mai hatsi. Kada kuma ka ci bashin mutumin da wata rana zai zo ya roƙe ka maki." Na ji kunya na kuma ji daɗi, don mu kan yi magana a taronmu kamar mu kaɗai muka rage masu tsoron Allah a ƙasar nan. Shi ne ma ya ba mu aron ajinsa na yamma muka koyar da kimiyyar nan, ya zauna a baya yana tsawata wa masu surutu.

Saura 'yan watanni 'yan aji biyu su fita tasu koyarwar gwaji. Malamanmu sun koya mana yadda a ke shirya darasi da yadda a ke riƙe alli, amma ba wanda ya gaya mini abin da zan ce sa'ad da dattijon da ya ba ni masauki ya roƙe ni in yi ƙarya don tausayin yara. Ƙungiyarmu ta FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957, tana da taron addu'a kowane mako, ga kuma 'yan'uwanmu na MSS, wadda aka kafa a Ikko a 1954, suna nasu a ɗaya gefen filin ƙwallo. Na yi magana da shugabannin biyu, sun yarda mu zauna tare sau ɗaya kafin a fita, ba don muhawarar addini ba. Mu da muka dawo za mu faɗi abin da muka tarar, ba ambaton sunan makaranta ko na mutum, a kuma roƙi ofishin koyarwar gwaji ya ba kowane ɗalibi takarda mai hatimi wadda ta ce kwaleji ta hana shi cika makin darasin da bai koyar ba, don ya sami abin nunawa ba sai ya tsaya da bakinsa kaɗai ba. Za a yi zaman ran Alhamis ta biyu bayan dawowa hutu, bayan cin abincin dare, a babban ɗakin taro. Wanda ke da littafin koyon karatu na firamare da ba ya amfani da shi ya zo da shi, za mu tara a aika wa malamin lissafin nan, don ya ce zai riƙa zama da yaran nan goma sha huɗu ran Asabar da safe.